Aikin sansanin hutu da yara masu buƙata ta musamman: a haɗa su ko a raba?

'YarArkilla:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nike biɗa. Wata makarantar kuɗi nan cikin gari za ta yi shirin dogon hutun ga na sati huɗu, Litinin zuwa Alhamis, safe zuwa azahar, sun ce sansanin hutu ne ba lesin ba, wato wasanni da zane da karatun labari da ɗan aikin hannu. Sun ɗauke ni cikin masu kula da yara. To jiya munka yi mitin sai shugabar tac ce bana za a sa yara masu buƙata ta musamman, kuma ba aji daban za a ware musu ba, cikin sauran za su zauna. Rukunina yara 14, ciki akwai yarinya kurma, da yaro mai keken guragu, da wani da anka ce yana da farfaɗiya, da wata zabiya. Ni kuwa Hausa da Islamiyya na karanta a kwaleji, ban taɓa zama da irin yaran ga ba, wallahi jiya barci sai sama-sama. Tambayata biyu. Haɗa su ɗin nan daidai ne ko cutar su za mu yi? Na biyu mi ya kamata in shirya kafin Litinin?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada ƙanwata, aikin Aljanna ne kika samu.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni dai ba na ɓoye-ɓoye, a raba su. Akwai makarantar A.A. Raji nan Sakkwato an yi ta ne musamman domin makafi da kurame, akwai malaman da sunka karanci abin. Ke da bakinki kin ce ba ki taɓa yi ba. Mutum ɗaya, yara 14, huɗu kowa da lalurarshi daban, yaushe za ki iya? Sauran goman iyayensu kuɗi sunka biya, za ki bar su ki koma jinya. Kuma mu faɗi gaskiya mafi yawan masu irin wanga shiri hoto suke nema su tura wa Turawa.

MaiKeke_TudunWada:
@Gaskiya_Ɗaci kalmar jinya ɗin nan da ka sa ita ce dukan matsalar. Ni shan inna ya kama ni ina shekara uku, shekarata talatin da wani abu yanzu a kan keke, ban kwana asibiti saboda ƙafa ba ko sau ɗaya tun da na yi wayo. Ba ciwo nake ba, tafiya ce ba na yi. Firamaren gwamnati ta unguwa na yi tare da kowa, kuma abin da ya kusa fitar da ni daga makaranta ba karatu ba ne, ba tsokana ba ce, ban ɗaki ne. Matakala uku gare shi, ƙofa ƴar firit, ƙasa jiƙe. Sai na daina shan ruwa da safe don kar fitsari ya kama ni, a zafin Sakkwato fa, watan Afrilu, ka san abin da nake nufi. Shekara shida haka.
@'YarArkilla kafin ki sayi kalar zane ko ki haddace waƙa, gobe ki je makarantar ki ari kujera ki zauna, ki ce wani ya ja ki daga get har aji, daga aji har bayi, har wurin alwala. Duk inda aka tsaya aka ce sai an ɗaga ki, ki rubuta. Wannan takardar ki kai wa shugabarku.

'YarArkilla:
Innalillahi, wallahi yaya bayi bai ko zo mani a rai ba. Kuma na tuna akwai tudu bakin ƙofar.

Kafinta_GidanIgwai:
Tudun ba matsala ba ne in an auna. Ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita ɗaya na tsawon tudu a ba shi santimita 12 na shimfiɗa. Wato in tudun 15 ne katakonki ya kai 180, kusan mita biyu kenan. Abin da mutane ka yi su jingina guntun katako a tsaye kamar na hawar da babur cikin shago, yaro ya zo ya kife da baya. A sa mashi ɗan baki gefe da gefe don kar taya ta zame, kuma tunda damina ce a buga mashi ƙananan sanduna ko tsohuwar roba saboda santsi. Ki auna faɗin ƙofa kuma ki auna faɗin keken yaron, kar ki yi kintace.

Nas_Gwiwa:
Bari in yi magana a kan mai farfaɗiyar don shi ne na san zai fi tsorata ki. Ki nemi mahaifiyarshi tun kafin ranar farko ki tambaye ta abu huɗu: wane magani yake sha, ƙarfe nawa, yaushe ya yi ta ƙarshe, kuma yaya take fara mashi, don wasu ba faɗuwa suke ba, tsayawa kawai suke su ƙura ido kamar sun tafi tunani. Abin da ya fi tayar da ita tsallake magani, rashin barci da zazzaɓi, kuma kin san Agusta lokacin sauro ne, in kin taɓa jikinshi kin ji zafi ki kira gida kar ki jira.
In ta tashi: ki janye benci da duk abin da zai buge shi, ki sa mayafi ko jaka ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a cusa cokali ko yatsa ko tsumma a baki, wannan maganar ta haɗiye harshe ba gaskiya ba ce, haƙora kawai ake karyawa. Kar a ɗura mashi ruwa ko man ja. Ki duba agogo. In jijjigar ta lafa ki juya shi ya kwanta ta gefe yawu ya zubo. In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni a kai, asibiti kai tsaye. Kuma don Allah a gaya wa sauran ma'aikata yawunshi ba ya sa wa kowa ciwon, ba a ɗauka. Na ga manya da digiri suna tsallake yaro suna gudu.

Hajiya_Minanata:
To amma Nas ai wata farfaɗiyar ta iska ce, ba duka ce ta asibiti ba. Ɗan maƙwabciyata sai da anka yi mashi ruƙiyya.

AlmajirinShehu:
Hajiya ba wanda ya hana addu'a, a yi ta, amma ba a ajiye magani saboda ita, kuma ba malamar sansani ce za ta yanke wace iri ce ba. Akwai hadisi cikin Bukhari da Muslim, Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u bn Abi Rabah wata mata baƙa da ke da farfaɗiya, ta zo wurin Annabi (SAW), ta zaɓi haƙuri da ciwon, amma ta roƙi a yi mata addu'a kar jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, kuma aka yi mata. Ku lura da abin da ya dame ta, mutuncinta. To malama in abin ya faru ki sa wani ya janye sauran yaran, a rufa mashi zane don wani lokaci fitsari na kuɓucewa, kar ya farka ya ga an yi mashi da'ira ana kallo.
Game da haɗawa kuma, Abdullahi bn Ummi Maktum makaho ne, shi ne ladani tare da Bilal, kuma an sha barin Madina a hannunshi in an fita yaƙi. A kanshi farkon Suratu Abasa ya sauka. Ba masallaci daban aka gina mashi ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Malam kowa ya yarda da wannan. Ni maganar ƙwarewa nike, ba ta daraja ba.

MaganarHannu:
Ni kurma ne, sanƙarau ya tafi da jina ina aji biyu. Ina koyarwa yanzu. Zan ba wasu mamaki, rabin maganar @Gaskiya_Ɗaci gaskiya ce a kan kurame. Mai keke in ka gyara hanya ya shiga cikin mutane shi ke nan, yana jin hira yana dariya tare da su. Kurma ɗaya cikin masu ji 13 yana zaune a tsakiya amma shi kaɗai ne. Kowa na dariya bai san dalili ba, ya tambaya a ce "ba komai". Wannan ba komai ɗin na tsane ta fiye da zagi. Ni sai da na shiga cikin kurame ƴan uwana na san daɗin hira.
Don haka shawarata a nemo kurma na biyu a sa rukuninki, ko babban kurma ya riƙa zuwa yana taimakawa. Sa'an nan ki gano wace irin maganar hannu yarinyar take yi. Akwai maganar hannu tamu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da unguwa tun kaka da kakanni, akwai kuma ta makaranta wadda asalinta daga Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster ya kawo ta, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ba ɗaya ba ne. In yarinyar ba ta shiga makaranta ba, alamun gida take yi, ki tambayi wanda ya fi wasa da ita a gida, yawanci ƙanwa ko yaya ce ba uwa ba. Kar ki je YouTube ki kwaso na Turawa ki zo kina yi mata tana kallonki.
Ƙananan abu: ki fuskance ta in kina magana, haske a fuskarki ba a bayanki ba, kar ki yi ihu, kar ki jefe ta da abu don ta juyo, ki taɓa kafaɗa. In kina sa niƙabi ki sani ba ta ganin bakinki, ku yi shawara da shugabar tunda mata da yara ne.

'YarArkilla:
Malam na gode ƙwarai, wallahi YouTube ɗin nike shirin buɗewa daren ga. To in koya wa sauran yaran alamun ko zai zama abin tsokana?

MaganarHannu:
Ki koya musu, amma ita ta zama malamar. Kullum alama biyar: ruwa, bayi, zo, bari, na gode. Yara sun fi manya saurin kamawa. Kuma ta raɗa wa kowa suna da hannu, za ki ga suna rububi.

Ɗan_Kabukabu:
Ni tambayata daban ce, nawa za su biya ki? Don na san halin masu makarantun kuɗi, su ce aikin lada ne su kuma su amshi kuɗin fom.

'YarArkilla:
Kuɗin mota da abincin rana sunka ce, sai ɗan alawus a ƙarshe ba su faɗi nawa ba.

Ɗan_Kabukabu:
Ba su faɗi ba? Hmm. Ki sa su faɗa kafin Litinin, da shaida.

Inna_Mabera:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba amma bari in ce wani abu a matsayin uwa. Ɗiyata shekararta tara, shawara ta kama ta kwana uku da haihuwa ba mu gane da wuri ba sai da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta tafiya daidai, maganarta sai wanda ya saba, yawu na zuba, amma wallahi ta fi ƙannenta haddace karatu. Makaranta uku nik kai ta. Ta farko sunka ce babu wuri alhali na ga ana ɗaukar wasu, ta biyu sunka amshe ta sati biyu sannan hedimasta ya kira ni yac ce iyaye sun yi ƙorafi wai ɗiyansu na kwaikwayon tafiyarta, wai kar masu ciki su gan ta, in yi haƙuri. Na goya ta muna tafiya ina kuka tana share mani hawaye da hannun da ke aiki. Ta ukun ce wata malama tac ce a bar mata ita, shekara biyu kenan.
To @Gaskiya_Ɗaci kai da kac ce a kai su wurin ƙwararru, ina ƙwararrun suke ga irin tawa? Ba makauniya ba ce ba kurma ba. Gashin ƙashi muna zuwa asibiti, wannan daban, amma wa za ta yi wasa da shi? In anka yi hutu ƙannenta su fita ita tana bakin zaure tana leƙe. Ni ba na biɗar malama mai digiri, mai haƙuri nike biɗa wadda za ta tambaye ni yadda ake ba ta ruwa ba ta shaƙe ba.
Ɗiyata 'YarArkilla, ki kira iyayen nan huɗu. Ba wanda ya san yaran kamar su kuma ba a cika tambayarmu ba, sai dai a ba mu fom.

Hajiya_Minanata:
Allah sarki Inna, kin sa ni hawaye. Allah ya raya ta ya sa mai ceto ce.

Gaskiya_Ɗaci:
Inna Allah ya ba da haƙuri, ban faɗa don in ɓata wa kowa ba. Amma ki duba, labarinki ma ya nuna abin da nike tsoro, sati biyu anka kore ta. Sansanin ga sati huɗu ne, yaro ya saba ya yi abokai, a watan Satumba a ce mashi makarantar ba ta ɗaukar irinshi. Wanne ya fi ciwo?

Lauya_BaKotu:
A nan doka ta shigo. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Wanda ya nuna bambanci, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka, in kamfani ne miliyan ɗaya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta hana a yi amfani da mai nakasa wurin bara, ta ce a ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar masu nakasa ta ƙasa a 2020. Yanzu ku zagaya gari ku ƙirga ofis da banki da masallacin da keke zai shiga ba a ɗaga shi ba, sai ku gaya mani.

Ɗan_Kabukabu:
Lauya doka a takarda, tudu a ƙofa.

Malama_Aji3:
Don Allah a daina cewa nakasa da gurgu da kurma, yanzu masu buƙata ta musamman ake cewa. Babu nakasasshe sai kasasshe.

MaiKeke_TudunWada:
Malama na san da alheri kike nufi, amma wannan karin maganar na ji ta har ta gundure ni, duk taron 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, sai an faɗe ta a hawa na biyu na ginin da ba mu iya hawa. Ni gurgu ne, muna da sarkin guragu, makafi na da sarkinsu, ba mu ɗauki sunan zagi ba. Abin da ke zafi a kira yaro da shi a bar sunanshi, "kai gurgu zo nan". Buƙatata kuma ba ta musamman ba ce, fitsari ne irin na kowa. Amma in wani ya fi son waccan kalmar a kira shi da ita, ba faɗa.

Makaho_MaiWaya:
Kafin wani ya tambaya, e ni ke rubutawa da kaina, TalkBack, manhajar waya mai karanta rubutu da murya, ke karanta mani, shi ya sa in kun turo hoto ba bayani nake yin shiru. Babu makaho a rukunin malama amma zabiyar nan ku lura, mafi yawansu ganinsu na da rauni kuma haske na damunsu, ba fata kaɗai ba ce. A zaunar da ita gaba, ba fuskantar taga ba, a rubuta mata da manyan baƙaƙe, kar a ce tana lalaci don ta kai takarda kusa da hanci. Wasan fili kuma da sassafe ko ƙarƙashin dogon yaro, da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, hadari bai hana rana ƙona su, kuma ƙunar nan ce ke zama kansar fata daga baya.
Abin da nake so in ƙara shi ne ayya. Ku hana ma'aikata cewa ayya. Ni na gama jami'a, ina tsaye bakin titi wajen Gawon Nama ina jiran Keke Napep da jakar kwamfuta a kafaɗa sai na ji an danƙa mani naira hamsin a hannu an wuce. Ban ma san wa zan mayar wa ba. Yaron da aka tasa da ayya tun yana ƙarami shi ne ke yarda cewa ƙoƙon bara ne gadonshi.
In kun samu makaho wata shekara, ƙwallo a saka ta cikin leda a ɗaure, tana birgima tana ƙara, kowa a ɗaure mashi ido a buga tare. Mu da haka muka taso, daga baya na ji ashe har gasar duniya ake yi da ƙwallo mai kacau-kacau a ciki.

Baban_Khalifa:
Ni da na ga an ce zabiya wallahi na ɗauka mai waƙar biki za a kawo musu 😂

Nas_Gwiwa:
Baban Khalifa kai dai ba ka rabo da abin dariya. Haka wani ya ji an ce asibitin Noma ya ɗauka na manoma ne. Tunda an zo nan, asibitin yara na cutar noma da ke nan Sakkwato tun 1999 yake, ciwon da ke cin fuska ne, kuma yaran da aka yi wa aiki suna komawa gida da tabo su ɓuya a ɗaki. Su ma in ana irin wannan shiri a tuna da su, lafiyarsu lau, kallo ne kawai ke korar su.

'YarArkilla:
Jama'a na dawo, yau Alhamis mun gama satin farko. Na kira iyayen kamar yadda Inna tac ce, uwar mai farfaɗiyar sai da ta yi shiru a waya tac ce ba a taɓa tambayarta ba, kullum ɓoyewa take don kar a kore shi. Bai faɗi ba har yanzu alhamdu lillahi. Amma labari ya fita, iyaye biyu sun janye ɗiyansu daga rukunina, ɗaya har tac ce a mai da mata kuɗinta. Shugabar ta tsaya tac ce yaron ba inda za shi.
Kurmar ba a samu ta biyu ba, amma yayarta na rako ta, kuma maganar suna da hannu ta kama kamar wutar daji, ni sunana yanzu alamar tabarau. Ranar Talata munka yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba da baki ba, kowa da jiki, ita ta fi kowa iyawa har yaran rukunin kusa sunka taso kallo. Sai dai lokacin cin abinci in hira ta ɓarke har yanzu ita kaɗai take, na lura da abin da Malam MaganarHannu ya faɗa, ban san yadda zan yi da wannan ba.
Katako an yi, keke na hawa, amma ƙofar bayin ta yi ƙunci da kamar yatsa uku, dole sai mai gadi ya ɗauke shi ya shiga da shi, yaron kuma shekararshi 11 kunya yake ji, jiya na gane bai taɓa kunun da anka raba ba. Ƙwallo kuma na ba shi usur ya zama alƙalin wasa, ya ji daɗi.

MaiKeke_TudunWada:
Ƙanwata kin yi ƙoƙari wallahi, amma abu biyu. Kunun da bai sha ba, ni ne wannan shekara ashirin da suka wuce. Kar a kai Litinin ba a gyara ba, ko a cire ƙyauren gaba ɗaya a rataya labule mai kauri, sau da yawa ƙyauren da madogararshi ne ke cin yatsa ukun nan. In bai isa ba a kewaya mashi wani lungu da zana ko langa-langa a sa kujera mai rami da bokiti da buta.
Na biyu usur. Rana ɗaya lafiya. Amma in kullum shi ne alƙali to an fitar da shi daga wasa ne cikin ladabi. Ni an ba ni riƙon agogo da tsaron takalma har na gama firamare. Ki tambaye shi ko yana son bugawa. Ba ki taɓa ganin ƙwallon guragu ba? A kan ɗan katako mai taya ake yi, da hannu ake bugawa, a nan Najeriya aka ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi ya fara ta. Ki zaunar da yaran duka ƙasa a kan siminti a buga da hannu minti goma, ki ga wa zai sha wuya.

Malama_Aji3:
Amma kar a matsa mashi fa, wani yaron da gaske alƙalancin yake so.

MaiKeke_TudunWada:
Shi ya sa na ce ta tambaye shi.

Gaskiya_Ɗaci:
To kun gani, yara biyu sun fita, ɗaya na ƙin shan kunu, ɗaya na cin abinci ita kaɗai. Ban ce ba a yi komi ba, tatsuniyar ta burge ni. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mani maganar Satumba. Kuma an ɗauki hoto ko ba a ɗauka ba?

'YarArkilla:
An ɗauka ranar farko, gaskiya. Wani ma'aikaci yac ce a turo mai keken gaba a tsakiya, ni kuma nac ce sai an tambayi iyaye kafin a sa a Facebook, mun ɗan yi cacar baki. Maganar Satumba na tambayi shugabar tac ce mai keken da zabiyar za ta iya ɗauka, mai farfaɗiyar tana tunani saboda iyaye, kurmar kuwa tac ce ba ta da malamin da zai koya mata lissafi da hannu kuma ba za ta amshi kuɗin mutane ta zaunar da yarinya ba.

MaganarHannu:
A kan kurmar ta yi gaskiya, na fi girmama wannan da wanda zai karɓa ya ajiye ta bayan aji. Karatu ta yi shi inda ake maganarta, wasa da hutu ta yi da kowa. Masu karantar wannan fanni akwai su, kwalejin Oyo ta musamman da Jami'ar Jos da BUK duk suna yaye su, ɗaukarsu aiki ne ba a yi. Maganar cin abinci, ki sa doka ranar Laraba ba mai magana da baki a kan tabarma har a gama, wanda ke son ƙari ya roƙa da hannu.

Inna_Mabera:
Ni kuma "tana tunani saboda iyaye" ɗin nan ce ta tsaya mani a rai, da ita anka kore mu. Ɗiyata ki tambayar mani ko akwai sauran wuri sati ukun da sunka rage, ko rukunin wata ne. Zan riƙa zama da ita in ana so, kuɗin Napep ɗin ne dai zan lissafa don daga Mabera sai an yi shata, masu ɗaukar mutum huɗu ba su tsayawa in sun ga keken guragu.

Ɗan_Kabukabu:
Inna akwai abokina mai Napep nan Mabera da ke kai ɗiyan makaranta, yanzu hutu ne zaune yake, bari in yi mashi magana ku daidaita na wata. 'YarArkilla alawus ɗin fa, sun faɗa?

'YarArkilla:
Ba su faɗa ba har yau 😅 Inna zan tambaya gobe in sha Allah in kira ki. @Kafinta_GidanIgwai ko za ka samu zuwa Asabar ka duba ƙyauren nan?

Kafinta_GidanIgwai:
Na katako ne ko na ƙarfe? In na ƙarfe ne sai na zo da mai walda, kuma a tabbatar akwai wuta ko janareta. Bayan la'asar in ba a yi ruwa ba.